Jirgin Ƙasa Ko Na Sama? Nasiha Ga Magidancin Da Zai Kai Iyali Faris

Ɗana, kai da Allah ya kai ka Ingila neman ilimi ko neman halal, ya kuma hore maka ka ɗauko iyalinka suna zaune tare da kai, na yi murna da jin cewa kana da niyyar idan yara sun samu hutun rabin zango ka ɗebe su da mahaifiyarsu ku tsallaka Faris ku yi kwana uku. Allah ya yi maka albarka. Ba kowane magidanci ne yake tuna cewa matar da take wuni tsakanin ɗakin girki da ƙofar makaranta, cikin sanyin da ba ta tashi da shi ba, tana da haƙƙin ta ga wani gari, ta ci abincin da ba ita ta dafa ba. Tunda niyyar mai kyau ce, bari mu zauna mu yi magana a kan abin da na san yana yi maka kai-kawo a rai: a bi jirgin ƙasa ne, ko a hau na sama?

Na san inda ranka ya fi kwantawa, domin na ga da yawa irinka sun bi ta nan. Ka duba ka ga daga Landan zuwa Faris jirgin sama awa ɗaya da kwata yake yi a sama, na ƙasa kuwa, wato Eurostar, sai ya ci awa biyu da minti ashirin ko kusa da haka. Ka sake dubawa ka ga kuɗin da kamfanonin jiragen arha suka rubuta da manyan lambobi bai kama ƙafar na jirgin ƙasa ba. Ga sauri ga sauƙi, sai me kuma? Ban ga laifinka ba, don mai iyali a ƙasar da kuɗin haya da na wuta suke lashe albashi dole ya yi tattalin kowane fam. Sai dai wannan lissafin gwauro ne, wanda zai rataya 'yar jakarsa a kafaɗa ya fita a guje, kai kuwa ka wuce nan. Kana da goyo, kana da ɗan shekara uku da bai san haƙuri ba tukuna, kana da 'yar shekara bakwai mai tambaya ba ƙaƙƙautawa, kana da uwarsu wadda duk abin da ka zaɓa a kanta nauyinsa zai fi sauka. Tafiyarku tana farawa ne daga lokacin da ka kulle ƙofar gida, kuma ba ta ƙare ba sai an ajiye jaka a masauki an shimfiɗar da yaro. Da wannan ma'aunin nake so ka auna.

Mu fara da sama. Filayen jirgin Landan duk a bayan gari suke: Gatwick kusan kilomita 45 daga tsakiyar birni, Luton kusan 50, Heathrow da ta fi kusa ma kusan 25. Ana son ka isa awa biyu kafin tashi, kuma tikitin da ya fi arha yawanci na jirgin sassafe ne ko na dare, ka ga ke nan za a tashi yara tun ƙarfe uku na dare, a cusa musu rigunan sanyi suna layi da barci. A wajen bincike za a ce ku ninke keken jariri ku ɗora a kan na'ura, alhali jaririn yana hannun uwarsa, ɗan shekara ukun ya zille ya nufi inda ba a shiga, mutanen da ke bayanku suna ta duban agogo. A tuɓe rigar sanyi, a zazzage aljihu, a ware kwalbar madara a gwada ta daban, don filayen jirgi da dama har yau ba sa barin a wuce da ruwan da ya haura mililita 100 in ba abincin jariri ba. Kai kana tattara fasfo da bel da agogo a wannan gefe, ita tana can ana laluba mata hijabi, yarinyar tana tsaye a tsakiya riƙe da takalminta ba ta san wa za ta bi ba. Duk wannan ba a ko ga jirgin ba. Idan an sauka Charles de Gaulle kuma, wanda yake kusan kilomita 25 arewa maso gabas da Faris, ga layin fasfo na waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, ga jiran kaya, ga doguwar tafiya a ƙafa zuwa tashar jirgin da ake kira RER B, wanda zai yi da ku rabin awa ko fiye kafin ya kawo ku cikin gari. Ina zai sauke ku? Gare du Nord, tashar da jirgin ƙasa daga Landan yake tsayawa. In ka tara duka, awa biyar sun tafi, wata rana shida, don a ci ribar awa ɗaya da aka gani a rubuce.

Na ƙasa kuwa daga St Pancras yake tashi, a cikin Landan kanta, inda layuka shida na jirgin ƙarƙashin ƙasa suke haɗuwa. Kada ka ɗauka irin jirgin cikin gida ne da za ka iso saura minti biyar ka faɗa. Akwai bincike, akwai duba fasfo, ana rufe ƙofa rabin awa kafin tashi, kuma mai yara ya kamata ya iso da awa ɗaya da kwata ko da rabi a hannunsa. Amma binciken ya fi sauƙi, ba ruwan kowa da ruwan shanku ko kwalbar madara, kuma abin da ya fi komai daɗi shi ne jami'an shige da fice na Faransa a nan Landan suke zaune, su duba ku kafin ku hau. Da jirgi ya tsaya a Faris sai ku sauko ku fita titi kai tsaye, kayanku a hannunku, ba layi ba jira. Daga ƙofar gida zuwa tsakiyar Faris, ga wanda yake zaune a Landan ko gefenta, awa huɗu da 'yan kai ne. Ka ga ko a saurin da ake yabon jirgin sama da shi, a kan wannan hanyar bai ci ba. Sauri ya haifi nawa.

Amma ni ba yawan awannin ne ya fi damuna ba kamar yadda za a yi su. Madugu na gari, a zamanin da ake kai ayari Gwanja fataucin goro, ba ya auna zango da ƙafar saurayi mai jini a jika, da ƙafar wanda ya fi kowa rauni a ayarin yake aunawa, don ya san in wannan ya gaza kowa ya gaza. Kai ne madugun wannan tafiya, kuma mai rauninka shi ne ɗan shekara ukun nan da goyon da ke bayan uwarsa. A jirgin sama dole yaro ya zauna a ɗaure lokacin tashi da sauka da duk sa'ad da aka kunna alama, kunnensa yana toshewa yana masa zafi bai san yadda zai faɗa ba sai kuka, uwarsa tana jin idon mutane a kanta tana ba shi haƙuri cikin raɗa. A jirgin ƙasa, in ka yi saurin zaɓa, za ku samu kujeru huɗu masu fuskantar juna da tebur a tsakiya. Ta buɗe kular da ta cika da dambun nama ko cincin, yarinyar ta baje takardar zanenta, yaron in ya gaji da zama ka kama hannunsa ku taka zuwa ƙarshen tarago ku dawo. Ga taga kuma. Za su ga filayen Kent, sannan jirgi ya shige ramin da aka haƙa ƙarƙashin teku, wanda aka buɗe a 1994, mai tsawon kilomita 50, kusan 38 daga ciki a ƙarƙashin ruwa. Minti ashirin ake yi a ciki. Ka gaya musu tun a gida cewa duhu ne kawai za su gani, ba ruwa ba kifi, don kada wani ya tsorata, kada kuma wani ya sa rai. Da an fito sai ga Faransa, jirgi yana sheƙa gudu har kilomita 300 a awa amma shayin da ke kan tebur bai zube ba. Yaron da ya yi irin wannan tafiyar ya fara hutunsa tun a hanya, kuma zai isa gari da sauran ƙarfinsa. Wanda aka tasa tun ƙarfe uku kuwa zai isa a galabaice, ranar farko ta tafi a barci da rigima, kwana uku sun koma biyu.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan ina so ka ɗauki biro da takarda, kada ka yarda da lambar farko da ka gani. Arha ba ta ado. Jiragen arha suna sayar maka da kujera ne kawai da 'yar ƙaramar jakar da za ta shiga ƙarƙashinta. Akwati kuɗinsa daban, zaɓen kujera don ku zauna kusa da juna kuɗinsa daban, sannan ga kuɗin zuwa filin jirgi da na fitowa daga cikinsa, sau huɗu ke nan in ka haɗa tafi da dawowa, kowanne kuma na mutum huɗu ko biyar. Yaro da ya cika shekara biyu sai an saya masa kujerarsa. A Eurostar kuwa wanda bai kai shekara huɗu ba kyauta yake tafiya muddin a cinya zai zauna, daga huɗu zuwa sha ɗaya akwai rangwame, kowane babba yana da damar akwati biyu da jakar hannu ba tare da an ɗora su a sikeli ba, keken jariri ma ba a biya masa. Sai dai ka tuna ba mai ɗaukar maka kayan, kai za ka hau da su ka sauko da su, don haka kada rashin sikeli ya sa ku kwashi gida gaba ɗaya saboda kwana uku. Ɗan shekara ukun nan kuma, in Allah ya hore maka, saya masa kujerarsa. Awa biyu da yaro mai ƙiriniya a cinya, ga goyo, ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ka san cinyar wa zai ƙare.

Ba zan ɓoye maka ba, jirgin ƙasan nan yana da tsada ga wanda ya makara. Kuɗinsa hawa yake yi yayin da rana take matsowa, ya fi hawa a hutun makaranta da yammacin Juma'a da na Lahadi, kuma wanda ya tashi saye saura mako guda zai ga abin da zai sa ya riƙe baki. Watanni kafin tafiya ake samun mai sauƙi. In ka yi lissafinka tsaf, ka sa akwati da kujera da motar filin jirgi, ka ga duk da haka jirgin sama ya fi sauƙi da tazara mai yawa, kuma tazarar nan ita ce tsakanin ku tafi da kuɗinku ko ku tafi da bashi, to ka hau na sama da zuciya ɗaya, ka dai nemi na hantsi ko na rana ko da ya ɗan fi na asuba tsada. Hutun da aka dawo daga shi ana biyan katin bashi wata shida ya zama nauyi a gida, kuma yara suna jin nauyin ko ba a gaya musu ba.

Duk wannan da nake faɗa ga mazaunin Landan da kewayenta ne. In a Manchesta kake, ko Lids, ko can Sikotlan, magana ta sauya. Daga Manchesta sai ka yi awa biyu da wani abu kafin ka iso Euston, ka ja kaya da yara ka taka zuwa St Pancras, ka sake zaman jira, a kan wani tikitin daban mai kuɗinsa. Daga Edinbara kuwa awa huɗu da rabi ne kafin ma ka ga Landan. Wuni guda ya tafi zuwa, wani wunin dawowa, a tafiyar kwana uku. Jirgin sama daga Manchesta kai tsaye wajen awa ɗaya da rabi ne, kuma shi ya dace da kai. Sai dai ka karanta sunan filin da zai sauke ku da kyau, don akwai wanda ake kira Beauvais, ana liƙa masa sunan Faris a tikiti alhali yana da nisan kilomita kusan 85, sai an yi fiye da awa guda a bas kafin a shigo gari. Haka nan in Basalona ko Rum ko Istanbul kuka nufa, kada ka wahalar da kowa da jirgin ƙasa. Daga Faris kaɗai zuwa Basalona ya haura awa shida. Burusel awa biyu ce daga Landan, wannan ta jirgin ƙasa ce ba tantama. Amsadam wajen awa huɗu ce, a nan ne ma'auni ya kusa daidaita, sai ka duba yaranka ka ga abin da za su iya. In kuma Disneyland ce ta ja ku, ka sani tun Yunin 2023 aka daina jirgin da yake zuwa can kai tsaye daga Landan, yanzu sai an sauya a Lille, alhali daga Charles de Gaulle jirgi mai gudu minti goma yake yi zuwa ƙofarta.

Akwai abin da ya riga duk wannan, kuma shi ne ya fi jawo wa mutanenmu asara: biza. Takardar zamanka ta Birtaniya ba ta shigar da kai Faransa. Mai fasfon Nijeriya ko Nijar ko Gana sai ya nemi bizar Shengen, shi da matarsa da kowane yaro da ba shi da fasfon da ake yafe wa. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba, 45 ga ɗan shekara shida zuwa ƙasa da sha biyu, ƙasa da shida kyauta, ban da ladan ofishin da yake karɓar takardu. Ana neman inshorar lafiya da ta kai ta yuro 30,000, kuma fasfo ya zama da sauran aƙalla wata uku bayan ranar fitowarku. A ƙa'ida kwana goma sha biyar ake duba takardu, amma samun ranar da za a karɓe su shi ne aiki, musamman gab da hutu. Don haka ka fara kama ranar ganawa, sannan ka yanki tikitin da za a iya sauya masa rana. In Hajiya, kakar yaran, ta zo muku wankan jego da bizar ziyara kana so a tafi da ita, ka sani a ƙasar da mutum yake zaune ake neman wannan biza, don haka tun tana gida ya kamata a yi mata. Kada ka sa mata rai sannan a bar ta ita kaɗai a gida cikin baƙin gari. Kuma tun Oktoban 2025 ƙasashen Shengen suka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a kan iyaka, ta sama ko ta ƙasa, wanda ya ƙara wa layi tsawo. Ka ƙara wa lokacinka lokaci.

Ka kuma bar wa ƙaddara wuri, don ba hanyar da ba ta tsayawa. A ranar 30 ga Disamban 2023 ruwa ya cika wani rami a hanyar jirgin kusa da Landan, aka soke jiragen Eurostar na ranar gaba ɗaya, iyalai suka yi cirko-cirko a tasha ana gobe jajiberin sabuwar shekara. A Maris na 2025 an tono bom na yaƙin duniya na biyu kusa da layin Gare du Nord, aka tsayar da komai wuni guda. Na sama ma haka: a Afrilun 2010 tokar dutsen da ya yi aman wuta a Aisilan ta rufe sararin Turai kusan mako guda, kuma yajin aikin masu ba jirage hanya a Faransa ba baƙon abu ba ne. Saboda haka kada ka sa dawowarku a jirgin ƙarshe na daren Lahadi alhali kana da aiki da asubar Litinin, yara kuma suna da makaranta. Ka dawo da rana, a samu a yi wanki, a yi barci. Kada kuma arhar tikiti ta ja ka ka cire su daga aji ranar da ba hutu ba. A Ingila ana iya cin tarar kowane mahaifi fam 80 a kan kowane yaro, kuma ko ba tara, darasin da ka koya musu game da makaranta ba mai kyau ba ne.

Salla ma ta shiga lissafinka tun kana zaɓen lokaci, kada ta zama abin da za a tuna a cikin layi. A hunturu rana gajeriya ce a can, a Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi a Landan, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kusa-kusa. Allah ya sauƙaƙa wa matafiyi da ƙasaru da haɗa salloli, ka tambayi malaminka yadda za ka yi, amma mafi sauƙi shi ne ku yi Asuba a gida cikin natsuwa, ku hau jirgin hantsi, ku isa a kan lokacin Azahar, kana tune da cewa agogon Faransa yana gaban na Ingila da awa guda. In kun isa, ka kai su Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926, su yi salla a ciki su ga farfajiyarsa da lambunsa. Yaro ya san cewa duk inda ya je a duniya akwai inda zai kai goshinsa ƙasa. Ka nemi masauki da ba sai an sauya jirgi sau biyu ba kafin a kai, don yawancin tashoshin ƙarƙashin ƙasa na Faris matakala ce zalla, mai keken jariri zai sha ɗauka. A Gare du Nord kuma ka kula da aljihunka, fasfo duka su zauna wuri ɗaya a jikinka, wanda ya tare ka yana tayin tasi ka ba shi haƙuri ka bi layin tasi na hukuma.

Ke kuma 'yata, in wannan ta iso gare ki, kada kunya ta sa ki ce "duk yadda ka yi daidai ne" alhali kin san abin da zai wahalar da ke. Ke kika san lokacin barcin jaririnki, ke kika san wanda mota take sa wa amai, ke kika san awa nawa ɗanki yake iya zama kafin ya ɓalle. Faɗin wannan taimakon mijinki ne, don shi ma so yake a ji daɗi, bai dai san abin da kika sani ba.

Ɗana, abin da ya sa na ja maganar nan da tsawo shi ne na ga yadda gajiya take yi wa mutumin kirki. Uban da bai yi barci ba, yake tsoron kada jirgi ya tashi ya bar su, yake ƙirga kuɗin akwatin da aka caje shi ba zato, shi ne yake daka wa ɗansa tsawa a gaban mutane saboda ya tsaya kallon wani abu, shi ne yake ce wa matarsa ita ta jawo latti, alhali a gida ba halinsa ba ne. Yaro yakan manta tsawon hasumiyar Eiffel, amma ba ya manta fuskar ubansa a ranar da aka fita don a faranta masa. Ka zaɓi hanyar da za ta bar maka haƙurinka. In kana Landan ko kusa da ita, kana da ƙananan yara, kuma Faris ko Burusel kuka nufa, ni dai jirgin ƙasa nake ba ka shawara, ka saya da wuri, ka nemi kujerun tebur. Amma kafin ka biya ko fam ɗaya, ka kira uwar yaran nan ku zauna, ka nuna mata lissafin duka biyun, ka saurari abin da za ta ce har ta gama. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya raya muku zuri'a.